Haihuwata Uku da Hawan Jini

Ni haifaffiyar unguwar Gwammaja ce a Kano, a can na girma, aure kuma ya kai ni Kurna ina da shekara 18. A yau ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati, ina da 'ya'ya biyu a raye, mace da namiji, ban da ɗan fari wanda Allah bai ƙaddara zan ga fuskarsa ba. Ciki uku na ɗauka a rayuwata, babu ɗaya daga cikinsu da hawan jini bai shiga ba, amma kowanne da yadda ya ƙare. Na daɗe ina ba da wannan labari guntu-guntu a gidajen suna da layin awo, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi ɗungurungum.

Cikin farko na same shi a shekarar 2006. Duk wadda ta tashi a cikin birni ta san irin kunyar da ke tattare da cikin fari, domin yarinya ba ta faɗa da bakinta, ba ta kuma kawo ƙarar ciwo sai ya kayar da ita. Na je awo cikin yana wajen wata biyar, aka gwada jinina aka ce lafiya lau, aka ba ni kati da magungunan ƙarin jini. Da ya shiga wata na bakwai sai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki kamar yadda al'ada ta tanada, kuma a tsakanin tashi daga Kurna da zama a Gwammaja maganar awo ta bi ruwa, ba don wani ya hana ba, sai don babu wanda ya ga dalilin kai mai lafiya asibiti.

Kumburi ya fara daga ƙafa, wanda kowa ya sani kusan kowace mai ciki tana yi. Daga baya ya hau hannu har zoben da ke yatsana ya ƙi fita, sannan fuska, ta yadda in na tashi da safe idanuna da ƙyar suke buɗewa. Gwaggona ta dube ni ta yi dariya ta ce ko tagwaye ne ko kuma namiji ƙato, wata maƙwabciya kuma ta ce zaƙi ne ya yi mini yawa, ta aiko da jiƙo. Bayan haka ciwon kai ya zo, irin wanda farasitamol ba ya taɓa shi, ina ganin walƙiya-walƙiya a idona ko da rana tsaka, ga wani ciwo a ƙahon zuciya da ke karkata ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda aka ɗauka gyambon ciki ne saboda ba na cin abinci sosai.

Abin da ya faru a daren da na faɗi ban san shi da kaina ba, daga bakin Inna da yayata na ji. Sun ce bayan sallar isha'i na miƙe zan shiga ɗaki sai na yanke jiki, jikina ya sandare, na shiga jijjiga ina taune harshe, kumfa da jini suna fita daga bakina. Wani ya tura mini cokali tsakanin haƙora, aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka ɗura mini rubutu ina cikin suma, domin yawancin waɗanda suka taru sun tafi a kan iska ce ta taɓa ni. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu, da ƙauna suka yi, kuma iyakar abin da suka sani ke nan. Maigidana yana Legas a lokacin wajen sarin kaya, wasu suka ce a dakata a same shi a waya kafin a fita da matarsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne ya yanke maganar, ya ce, "Ku ɗauko ta, in ya dawo ni zan yi masa bayani." Kafin a samu motar maƙwabci a kai ni babban asibiti, na sake yin jijjigar a gida, na kuma yi a hanya.

A takardata an rubuta cewa jinina ya kai 190/120 lokacin da aka karɓe ni. An yi mini allurar diyazifam, wadda ita ce aka fi amfani da ita a kan masu taune-taune a wancan lokaci, ta sa ni barci mai nauyi. Da aka nemi bugun zuciyar jariri ba a ji ba, mabiyiya ta riga ta ɓalle daga jikin mahaifa, jini ya taru a ciki. Aka tayar da naƙuda, na haifi namiji babu rai, aka yi mini ƙarin jini da yayyena maza suka bayar. Lokacin da hankalina ya dawo sosai an riga an kai shi makwanci. Na yi makonni ina gani dishi-dishi, harshena kuma har yau akwai tabo a gefensa.

Abin da ya biyo baya ya kusa raba zumunci tsakanin gidaje biyu. A Kano in aka ce mutum yana da hawan jini, tambayar farko ita ce me yake damunsa, domin mun saba danganta shi da tunani da ɓacin rai. Dangina suka fara tambayata a asirce ko ana ƙuntata mini a gidan miji, dangin mijina kuma suka ce ai lafiya ƙalau suka bayar da ni, a gidanmu abin ya same ni. Wata likita ce ta kashe wannan wuta ranar da muka koma a duba ni, da ta zaunar da ni da maigidana da Inna. Ta ce wannan nau'in hawan jinin ba daga tunani yake zuwa ba, daga mabiyiya yake farawa. A farkon ciki akwai jijiyoyin jini a jikin mahaifa da ya kamata su buɗe su yi faɗi domin su ciyar da mabiyiya, to a wasu mata ba sa buɗewa yadda ya kamata, kamar magudanar lambu da ta ƙuntata har ruwa ya kasa isa ga shuka. Mabiyiyar da ba ta samun isasshen jini tana sakin wasu sinadarai da ke illata jijiyoyin uwa a duk jiki, sai jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari, hanta ta taɓu, in ya kai ga ƙwaƙwalwa kuma a samu jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki. Ta ce yawanci yana bayyana ne bayan mako 20 na ciki, ma'auninsa 140/90 ko sama da haka, kuma mace tana iya yawo da shi makonni ba ta jin komai, in ba an ɗaura mata na'ura a hannu an gwada fitsarinta ba babu mai ganewa. Ciwon kai da walƙiyar ido da ciwon ƙahon zuciya da na yi ta fama da su alamu ne na cewa abin ya riga ya yi nisa.

Sannan ta juya ga maigidana ta ce, "Malam, wannan ciwo yana iya dawowa. Ranar da ta gane tana da ciki, ku zo tare, kada ku jira ya fito." Shi mutum ne marar yawan magana, bai ce komai ba sai "To, likita, in sha Allahu," amma ya riƙe maganar.

Ciki na biyu ya zo a 2009. Tun yana wata biyu na fara awo, wannan karon a babban asibiti, wajen likitocin mata. Akwai wani mai kemis a bakin layinmu da yake da na'urar gwada jini, muka shirya da shi ina zuwa a kai a kai, ina rubuta abin da ya fito a littafin makaranta in kai wa likita. Har wata shida lambobin suna tafiya daidai. Daga nan suka fara hawa sannu a hankali, alhali ni ba na jin komai, ina girkina ina wankina, har ina ganin na fi kowane lokaci ƙarfi. Aka ɗora ni a kan metildofa, wanda mata a layin awo suka fi sani da Aldomet. Da cikin ya kai mako 32 aka ga furotin a fitsari, likita ya ce ba zan koma gida ba, aka ba ni gado.

Zaman asibitin nan ya buɗe mini ido fiye da duk wani karatu. Kusa da ɗakinmu akwai inda ake kwantar da masu jijjiga, kuma da wuya gari ya waye ba a kawo wata ba, wasu daga unguwannin birni, da yawa daga ƙauyukan da ke kewaye, a sume, bayan an kwana ana yi musu na gida. Mafi yawansu 'yan mata ne masu cikin fari, tsarana a 2006 ko ƙasa da haka. Wata da aka kawo da asuba, wadda ba na jin ta cika shekara 17, ba ta kai azahar ba, kuma kukan mahaifiyarta a barandar nan ban manta shi ba. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan hawan jini na ciki su ne sanadin kimanin kashi 14 cikin 100 na mutuwar mata masu juna biyu a duniya, amma wanda ya kwana a wannan ɗaki ba ya bukatar alƙalumma kafin ya yarda.

Ni kuwa kullum ana gwada ni sau da yawa, ana ɗibar jini a duba ƙoda da hanta, ana ɗaukar hoton cikin. Hoton ya nuna jaririyar ba ta girma yadda ya kamata, ruwan da take ciki ma ya ragu. Likita ya bayyana mana cewa magungunan da nake sha saukar da jini kawai suke yi, ba sa warkar da ciwon, domin warakarsa ita ce a raba ni da mabiyiya, wato a haihu. Aikinsu shi ne su auna tsakanin kwanakin da jaririya ke bukata a ciki domin huhunta ya nuna, da haɗarin da kowace rana ke ƙara mini. Aka yi mini allurai na taimaka wa huhun jaririya, muka ci gaba da jira.

A cikin mako na 34, a tsakiyar hunturun farkon 2010, ciwon kan nan da na sani ya dawo, jinin ya kai 170/115. Nan take aka yi mini allurar maganiziyam salfet, wata ta jijiya, wasu a ɗuwawu biyu, ana maimaitawa duk bayan awa huɗu har aka cika awa 24 bayan haihuwa. Allura ce mai zafi, tana sa jiki ya ɗau ɗumi ya mutu murus, kuma nas-nas suna ta ƙwanƙwasa gwiwata, suna ƙirga numfashina, suna auna fitsarin da ke sauka ta roba, domin ta haka ake gane ko maganin ya yi yawa. Ban yi jijjiga ko sau ɗaya ba. Daga baya na fahimci cewa tun 1995 wani babban bincike ya nuna wannan allura ta fi diyazifam hana jijjiga dawowa, wani kuma da aka fitar a 2002, wanda ya haɗa mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu irin ciwona. A 2008 aka shigar da ita asibitocin gwamnati goma a jihar Kano tare da horar da ma'aikata, kuma yawan masu mutuwa cikin matan da suka yi jijjiga a waɗannan asibitoci ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Magani ne mai araha, kuma duk lokacin da na tuna an san amfaninsa shekaru kafin cikina na farko, sai in yi istigfari in kawar da tunanin.

Da aka ce tiyata za a yi, surukata, wadda muke kira Hajiya, ta tayar da ƙayar baya. Ta ce a danginsu ba a taɓa yanka mace don haihuwa ba, cikin ma bai isa ba, a bari lokacinsa ya yi Allah ya sauke ni lafiya. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne ya kama ta, domin a zamaninsu wadda aka shiga da ita ɗakin tiyata ba kasafai ake sa ran fitowarta ba. Maigidana ya durƙusa a gabanta a barandar asibiti ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki sa albarka. Wancan karon jira aka yi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Je ka sa hannu, Allah ya fito da su lafiya." A ganina wannan 'yar gajeriyar magana tana cikin abubuwan da suka ceci raina, daidai da allurar, domin likita ba ya taɓa mace sai an sa hannu, kuma na ga matan da aka ɓata wa awanni ana jiran wani kawu ya iso daga kasuwa.

An ciro mace mai nauyin kilo 1.6. Aka sa ta a kwalba a ɗakin jarirai, ina tatsar nono ana ba ta ta siririyar roba a hanci, ni kuma ina jan ƙafa da ɗinki in je in leƙa ta. Ta yi shawara, aka sa ta a ƙarƙashin fitila, numfashinta ya riƙa ɗaukewa yana dawowa a kwanakin farko. An raɗa mata suna a masallaci ranar bakwai, ba taro, ba mai jego a gida. Da aka sallame mu sai aka koya mini in riƙa ɗaura ta a ƙirjina, fatarta a jikin fatata, da hula da safa, dare da rana, saboda bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ga shi kuma sanyi ake yi. Masu zuwa barka sun yi ta mamakin ganin goyo a gaba, wasu ma sun ji haushin hana su ɗaukarta. Hajiya ce ta zama mai gadin ƙofa, kuma in na shiga wanka ita take karɓa ta ɗaura a nata ƙirjin. Kuɗin da aka kashe a wannan haihuwa ya ci jarin maigidana sosai, sai da ya yi fiye da shekara kafin ya farfaɗo. Yarinyar ta daɗe tana ƙarama a cikin tsaranta, ba ta yi tafiya da wuri ba, tana yawan mura da tari, amma ta kamo su daga baya, yanzu tana babbar sakandare, ta ma fi ni tsawo.

Ciki na uku, a 2014, ya zo da sauƙi. Daga wata uku aka ɗora ni a kan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 kullum, da ƙwayoyin kalsiyam, waɗanda ake ba matan da ke cikin haɗari domin rage yiwuwar ciwon. Jinin bai motsa ba sai can ƙarshe, aka yi mini aiki bayan mako 37, aka ciro namiji mai kilo 2.8 yana tsala kuka.

Inda muka ga abin da ba mu zata ba shi ne bayan an dawo gida. Kowa ya saki jiki, an haihu lafiya, ana shirin suna, Inna ta zo ta karɓi ragamar jego da tukunyar ruwan zafi da kunun kanwa. Kafin ranar suna ciwon kai ya sauko mini, na ɗauko na'urar da muka saya na gwada, na ga 170/110. A daren muka koma asibiti, aka sake ba ni gado, aka sake allurar nan mai zafi. Likita ya ce haɗarin ba ya ƙarewa da fitar mabiyiya, jini yakan ƙara hawa a kwanakin farko bayan haihuwa, mace tana iya yin jijjiga a cikin jego, kuma ana bukatar lura har mako shida. Ya hana kanwa saboda gishirin da ke cikinta, ya ba ni nifedifin, ya tabbatar mini ba zai cutar da mai shan nono ba. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa da kanwar nan. Sai da muka yi sulhu a kan kunun gyaɗa da ruwan wanka mai ɗumi. A lokacin wannan jinyar ne ta buɗe baki ta gaya mini cewa yayarta, wadda na tashi ina jin an ce ta rasu wajen haihuwa, borin haihuwa aka ce ta yi, ta kumbura ta faɗi tana taune harshe a cikinta na fari. Likitoci sun sha tambayata ko akwai mai irin wannan a dangi, ina cewa babu, domin ba a taɓa kiran abin da sunan ciwo a gidanmu ba.

Bayan wannan haihuwa jinina bai koma yadda yake ba. An gaya mini cewa macen da ta yi wannan ciwo a ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gaba, kuma nawa ya tabbata tun ban kai shekara 30 ba. Kullum ina shan magani, ina zuwa a duba ƙodata lokaci zuwa lokaci, na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya har yara suna ƙorafi. Ni da maigidana muka zauna da likita muka yanke shawarar tsayawa a biyu, ganin tiyata biyu da jinin da ya ƙi sauka. Masu cewa "biyu kacal?" ba su daina ba, na kuma daina yi musu bayani. An kuma ja mini kunne cewa wasu magungunan hawan jini, irin su lisinofiril, suna illata ɗan tayi, don haka macen da ke shan magani tun kafin ciki ya kamata ta ga likita a sauya mata, ba ta ci gaba da shi ko ta ajiye da kanta ba.

Da ƙanwata autarmu ta samu cikin fari, ni na raka ta awon farko, na faɗa wa ungozoma tarihina da na yayar Inna tun kafin ta tambaya. Aka ɗora ta a kan asfirin da wuri, ta cika zuwa awo takwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016, har da lokacin da ta koma Gwammaja goyon ciki. Nata jinin ya hau a mako na 37, aka tayar mata da naƙuda, ta haihu da kanta, ita da ɗanta lafiya. 'Yata ma na zaunar da ita na gaya mata komai, domin an ce 'ya'yan da aka haifa a irin wannan ciki su ma sukan fi shiga haɗarin in sun zo nasu.

Na'urar da muka saya ta zama ta unguwa. Hajiya, wadda tsufa ya kama yanzu, ita take turo mini jikokinta da matan jikokinta masu ciki, ta ce su zo in ɗaura musu abin hannu. Ba na ba kowa magani, ba aikina ba ne. In na ga 140/90 nakan bar mace ta huta in sake gwadawa, in bai sauka ba in ce ta tafi asibiti a ranar, in kuwa ya kai 160/110 ko tana ciwon kai ko ganin walƙiya, a daidaita sahu nake tarewa mu tafi tare. Na kuma koya wa matan layinmu cewa in mai ciki ta faɗi tana jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a tura mata komai a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, a nemi mota, addu'a kuma a yi ta a hanya. Inda aka samu mijin da ya ce matarsa lafiyarta ƙalau ba inda za ta, ba na jayayya da shi, maigidana nake faɗa wa, shi yake zuwa ya same shi a majalisa bayan magariba su yi magana ta maza.